Shirya Mota Mai Fowil Don Tafiyar Daji da Kwana a Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sha'awar ɗaukar mota mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, su bar kwalta, su kwana inda dare ya yi musu, suna ƙaruwa: wani Yankari ya nufa, wani tsaunin Mambila, wani kuma burinsa ya ga duwatsun Ayar da rairayin Tenere a bayan Agadas. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi kafin a fara kashe kuɗi a kan mota. Galibin amsoshin suna komawa ne ga lafiyar motar da kuma nauyin da aka ɗora mata.

Wace irin mota ce ta dace da wannan tafiya?

Wadda bakanike na garin ƙarshe kafin daji ya san cikinta, kuma ana samun kayanta a kasuwar garin. A yankinmu wannan ya bar mu da Toyota kusan ita kaɗai: Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ana yin ta, da Hilux, da Prado. Nissan Patrol ma doki ce, Mitsubishi Pajero ba laifi, amma idan farfela ta karye maka a Gembu ko a Iferwan, kayan Toyota za ka fi saurin samu.

Direbobin Agadas ba don ƙawa suke riƙe da Land Cruiser mai injin 1HZ ba. Injin dizal ne mai silinda shida, lita 4.2, ba shi da tobo, ba shi da tarin na'urorin lantarki. Ba ya gudu, hawan tudu ma sai ya yi nishi, amma yana haƙuri da mai mara kyau, kuma mai sifana da basira zai iya tada shi a ƙarƙashin bishiya. Abu uku za ka tabbatar motar tana da su: ƙaramar giya ta ƙarfi, wato L4, da shasi na ƙarfe wanda bodi ke zaune a kai, da tsayin ciki daga ƙasa. Ƙananan jif-jif na gari irin su RAV4 za su kai ka Wikki da ke cikin Yankari lafiya lau ta hanyar da aka share, amma ba su da L4, don haka kada a tura su yashi mai zurfi.

Fetur ko dizal?

Don tafiya mai nisa, dizal. Yana shan mai kaɗan, yana da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, kuma jarkar dizal ba ta da haɗarin kama wuta irin na fetur a cikin zafin rana. Sai dai sababbin injinan dizal masu kwamfuta ba sa yafe man da ke da ruwa ko datti. Nozul ɗinsu na lalacewa, kuɗin gyaran kuwa sai ka riƙe baki. Mai irin wannan mota ya sa ƙarin filta mai raba ruwa da mai, ya riƙe filtoci biyu a ajiye. Idan motar fetur gare ka, ba sai ka sayar ba. Ka dai san cewa a yashi za ta sha mai kamar ba gobe, ka ƙara jarkoki.

Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

Da abin da ba wanda zai gani. Kafin ka sayi fitila ko ɗaya ta ado, kai motar wurin bakanike ya bi ta daki-daki: lagireto da tiyo-tiyonsa, fambel, famfon ruwa, boris na ƙafafu, bushin, kuloci, birki, man giya da man aksul gaba da baya. Injin 1HZ yana da bel na taimin da ake canzawa wajen kilomita 100,000. Idan motar Kwatano ce ko ta hannu ba ka san tarihinta ba, canza shi kawai ka huta.

Akwai wata ɗabi'a a garejojinmu ta cire tamostat a jefar, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan ba gyara ba ne. Injin da ke zafi yana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko fanka ta gaji, kuma dalilin ne zai tare ka a tsakiyar yashi. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa.

Bayan wannan sai tayoyi, sai kwamfuresa ta busa taya da geji, sai shebur da igiyar ja, sai jarkokin mai da ruwa. Wanda ya tsaya a nan ya riga ya shirya fiye da mai bamba ta ƙarfe da fitilu takwas a kan tsofaffin tayoyi.

Kaya nawa motar za ta iya ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ce ta fi kashe motoci. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta kai da komai da komai, an rubuta shi a wani ɗan faranti a jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji. Ka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka. A Hilux mai ƙofa huɗu bai cika wuce tan ɗaya ba, a Prado kuwa bai kai haka ba.

Tan ɗaya kamar da yawa, har sai ka zauna da biro. Mutum huɗu manya, kilo 300. Jarka shida ta dizal, kowace da ƙarfenta wajen kilo 21, ka ce 125. Ruwa lita 120, kilo 120 ke nan, don lita ɗaya kilo ɗaya ce. Safaya ta biyu da wilinta, kusan 35. Bamba ta ƙarfe da winci, wato injin jawo mota da igiya, 90. Kariya ta sama da tanti, 90. Firji cike da batir na biyu, 70. Kayan gyara, jak, shebur, farantan yashi da ake cusa wa taya idan ta kafe, 70. Abinci, tukwane, gas, jakunkuna, 100. An kai tan ɗaya ke nan, ba a ma sa buhun shinkafar da za a kai wa mai gari ba.

Motar da aka cika fiye da ƙima ba a take take nuna fushinta ba. Za ta bi kwalta lafiya, sai an shiga hanyar burji mai ƙunya-ƙunya, wadda ke kaɗa haƙora, sannan sifirin ya karye, shokozoba ta yi zafi ta zubar da mai, tayar baya ta fashe, wani lokaci shasi ya tsage a bayan kan mota. Birki ma ba ya kamawa yadda aka saba, abin da za ka gane a gangaren Mambila lokacin da ganewar ba ta da amfani.

Yadda aka jera kayan ma magana ce. Mai nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya: ruwa, mai, batir, akwatin sifana. Mara nauyi a sama: katifa, bargo, kujeru. Rufin yawancin motoci bai wuce ya ɗauki kilo 75 zuwa 100 ba ana tafiya, har da nauyin kariyar kanta. Jera jarkoki shida a kan rufi yana da kyau a hoto, amma shi ne ke kifar da mota a gefen tudun yashi. Kuma a ɗaure komai tamau da igiya mai ƙarfe. Gwangwanin gas da ba a ɗaure ba, idan aka taka birki da ƙarfi, ƙeyar wani zai nema. Idan akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, loda motar tsaf ka hau a auna.

Wace taya zan saya?

Taya mai rubutun AT, wadda ke bin kwalta da burji da yashi, kuma mai alamar LT, wato wadda aka yi wa gefe mai kauri don ɗaukar kaya. Masu manyan haƙora da ake rubuta wa MT na taɓo ne. Suna da amfani a Gashaka da damina, amma a yashi haƙa rami suke yi, a kwalta kuma ga ƙara ga cin mai. Ka zauna a kan girman da ake samu ko'ina, irin 7.50R16 ko ɗan'uwansa 235/85R16 ga Land Cruiser, da 265/65R17 ga Hilux da Prado. Wili mai inci 16 ko 17 ya fi na 20 nesa ba kusa ba, domin roba mai tsayi ce ke shanye duka kuma ita ke ba da damar rage iska. Wilin ƙarfe idan ya lanƙwashe ana buga shi da guduma ya miƙe, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi.

Duba shekarun taya kafin ka biya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta na nan raɗau, robar ta bushe, kuma zafin Afrilu ba zai raga mata ba. Tayoyin gwanjo a bar wa zirga-zirgar cikin gari.

Safaya biyu ga mai nisa, ɗaya ga mai zuwa kusa. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da kututturen da aka sare aka bari, su ne abokan gabar taya a dajin Sahel, don haka a riƙe kayan facin tubles da tiyub ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, a kuma koyi facin a gida wurin mai faci na unguwa.

Me ya sa ake rage iskar taya a yashi, kuma zuwa nawa?

Idan an rage iska, tafin tayar yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyin motar ya bazu, sai ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Babu wani kayan da za ka saya da zai yi maka aikin da wannan ke yi, kuma kyauta ne. A kwalta mota mai kaya tana son wajen 35 zuwa 45 a geji na psi. A burji a sauko wajen 28. A yashi mai laushi 18, idan ta kafe a sauko 15 ko ƙasa kaɗan don a fita. Masu lissafi da bar, kamar a Nijar da Chadi, su riƙe cewa bar ɗaya psi 14.5 ne, wato 18 ya kama bar 1.2 da ɗoriya.

Sharaɗin shi ne taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu kuma ba ta son a murɗa sitiyari da ƙarfi, don tana iya zamewa daga wili. Da an fito wuri mai tauri ko duwatsu, a tsaya a mayar da iska, ko da ana sauri. Shi ya sa kwamfuresa mai kyau, wadda ake maƙalawa kai tsaye a kan batir, ta fi winci muhimmanci. 'Yar ƙarama ta soket ɗin sigari za ta ƙone kafin ta gama taya ta biyu. Wani abu kuma: yashi ya fi tauri da sassafe, da sanyin dare a jikinsa, da azahar ya zama gari. Wuri mai wuya, a ci shi da asuba.

Yaushe ake sa fowil, yaushe ake cirewa?

A Hilux da Land Cruiser 70, H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, ta kwalta ce, H4 ta burji mai santsi da yashi, L4 ta hawa mai tsauri, gangara, taɓo da fita daga kafewa. Kada a bi busasshiyar kwalta da H4 ko L4 a irin waɗannan motoci, domin gaba da baya a ɗaure suke, idan babu inda taya za ta ɗan zame a kwana sai ƙarfen ciki ya murɗe. Masu tsohon yayi su tuna da makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba: sai an sauka an juya su zuwa LOCK sannan gaban zai ja. Mutane da dama sun yi ta haƙa rami da tayoyin baya, giya na kan L4, makullan na kan FREE. A sa fowil kafin a shiga wurin, ba bayan an nutse ba.

Sai na ɗaga motar sama?

Ba dole ba. Abin da ake bukata shi ne sifirin da ya dace da nauyin da za a ɗauka, da shokozoba masu inganci. Ɗagawa ta santimita biyar ta wadatar. Fiye da haka mota na ƙara saurin kifewa, kuma kayan ƙafa na saurin ci. Sabon sifirin kuma ba ya ƙara iyakar nauyin da kamfani ya rubuta, aksul da birki suna nan yadda suke. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin mai ya fi ɗagawa amfani a hanyar duwatsu irin ta Timiya a Ayar.

Mai nawa da ruwa nawa zan ɗauka?

Kada ka yi lissafi da abin da motar ke sha a hanyar Kano zuwa Kaduna. Land Cruiser mai dizal da ke shan lita 12 ko 13 a kilomita 100 na kwalta tana iya kai wa 20 ko sama a yashi mai laushi da kaya. Ka ɗauki tazarar da ke tsakanin wurare biyu da ka tabbata akwai mai, ka lissafa da adadin yashi, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓatan hanya da zagaye. Misali kilomita 600 a lita 20, lita 120 ke nan, da ƙari ta zama 160. Land Cruiser 78 mai tanki biyu na lita 90-90 za ta yi wannan ba jarka. Hilux mai tankin lita 80 tana bukatar jarka huɗu. Jarkar ƙarfe mai lita 20 mai kyakkyawar roba a baki ita ce ta mai, a bar ɗan sarari a sama don mai na kumbura da zafi, kuma kada a sa fetur cikin ɗakin da mutane ke zaune. Man bumburutu da za ka saya a ƙauye, tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Ruwa kuwa, a lokacin zafi kowane mutum a ware masa aƙalla lita biyar na sha a rana, idan an haɗa da girki da alwala da ɗauraye kwano a ce takwas zuwa goma. Sannan a ƙara na kwana biyu ko uku da ba a taɓawa, da lita goma na lagireto. A raba shi a jarkoki da yawa. Tanki guda babba idan ya huje, an yi asarar duka a dare ɗaya. Kada a dogara da cewa taswira ta nuna rijiya, rijiya na ƙafewa ko ta rufta. A riƙe doguwar igiya da guga, da ƙwayoyin tsarkake ruwa ko a tafasa. Jarkar da aka naɗe da buhun algarara aka jiƙa, aka rataye a gefen mota inda iska ke bugu, tana ba da ruwa mai sanyi ba tare da ta taɓa batir ba.

Idan mota ta kafe fa?

Za ta kafe, wannan ba a tambaya. Abu na farko, ɗaga ƙafa daga totur da zarar ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta gaba. Kowane juyi ƙara binne ta yake yi, kuma da cikinta ya zauna a kan yashi aikin minti goma ya koma na awa biyu. A sauka, a sauke mutane, a rage iska, a share yashin da ke gaban tayoyi huɗu da ƙarƙashin aksul da shebur mai dogon hannu, a cusa farantan yashi a ƙarƙashin tayoyin, a sa L4 giya ta biyu, a taso a hankali. Sau da yawa komawa da baya ta kan sawun da aka zo ya fi sauƙi. Farantan a ɗaura musu igiya, don suna nutsewa su ɓace.

Jan mota da mota shi ne inda ake rasa rai. Ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake jan tirela da shi, kada a taɓa rataya igiyar ja a kansa. Yana tsinkewa ya tashi ya fasa gilashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Haka ƙananan kunnuwan da ake ɗaure mota da su a jirgin ruwa. A sa wuraren ja na musamman da aka ɗaure da shasi da kusoshi masu ƙarfi, gaba da baya. Igiyar ta zama mai talewa da aka yi don wannan aiki, ba sarƙa ba, ba waya ba. Maƙalan ƙarfe da ke haɗa igiyar da mota su zama masu rubutun nauyi a jiki, irin tan 3.25 ko 4.75. A ɗora bargo ko tabarma a tsakiyar igiyar don ta faɗi ƙasa idan ta tsinke, 'yan kallo kuma su ja baya fiye da tsawon igiyar.

Jak ɗin kwalba da katako mai kauri da zai zauna a kai ya isa yawancin aiki. Dogon jak ɗin nan na ƙarfe yana da amfani a hannun wanda ya iya, amma hannunsa na iya ƙwacewa ya daki muƙamuƙi. Kuma ko da wane jak ne, ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da safaya.

Winci fa?

A daji mai bishiyoyi da taɓo, irin Gashaka-Gumti, yana fid da kai kunya. A Tenere ba abin da za ka ɗaura shi; bishiyar nan guda da ta yi suna a can ma wani direban babbar mota ya buge ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai. Sai dai ka haƙa rami ka binne safaya ka ja da ita, aikin da mota ta biyu za ta yi a minti biyar. In za ka sa, ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi zai sa in tsallake kogi?

Babban amfaninsa a ƙasarmu shi ne ƙura: yana ɗebo iska daga sama inda ta fi tsabta, filta ta daɗe. Ruwa kuwa, Toyota ta ƙayyade wa sababbin Hilux zurfin santimita 70, kuma wannan a ruwa mai kwanciya ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif. Ka fara shiga da ƙafa da sanda. In ba za ka iya tsallakawa da ƙafa ba, motar ma ta haƙura. A ƙara wa bututun numfashin aksul tsawo zuwa sama, domin aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa, man ya koma fari kamar kunu. Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada a sake yi masa ki. A jawo shi waje tukuna.

Ya zan yi da wutar firji da caji?

Batirin tada mota na tada mota ne kawai. A sa na biyu, da na'urar da ke raba su idan an kashe inji, don kada a wayi gari da lemo mai sanyi da motar da ba ta tashi. Firjin mota mai lita 40 zuwa 50 yana cin wajen amfiya-awa 30 zuwa 50 a yini idan ana zafi. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake ci idan ana so ya daɗe, don haka yini guda zai yi maka a tsaye. Farantin sola mai wat 120 zuwa 150 yana cike gurbin, muddin ana goge ƙurarsa. Batirin litiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ana cin kusan dukansa, amma ba ya son zafin gidan inji, a ajiye shi a ciki. Kowace waya da ta fito daga batir a sa mata fis dab da kan batirin, a bi da ita inda ba za ta goga da ƙarfe ba. Haɗin wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif shi ne mafarin yawancin gobarar mota. A rataye abin kashe gobara inda hannun direba zai kai.

Tanti na kan rufi ko na ƙasa?

Na kan rufi yana raba ka da kunama da maciji da damshin ƙasa, kuma ana buɗe shi da sauri. Amma yana da kilo 50 zuwa 80 a wurin da mota ta fi ƙin nauyi, yana ƙara shan mai, kuma duk lokacin da za ka je ɗebo ruwa sai ka naɗe ɗakinka. A ganina, mai tafiya Sahel da rani ya sayi gadon zango mai naɗewa, da gidan sauro, da tamfol da zai ɗaura daga kariya zuwa sanduna biyu don inuwa, ya sa ragowar kuɗin a taya. Mai zuwa Mambila ko wurin ruwan sama shi ne mai bukatar tanti na gaske. Bargo mai kauri dole ne ko ina za a je: daren hunturu a Ayar yana iya kai wa ga ruwa ya daskare a buta, Gembu ma ba ta wasa.

Wurin sauka ya fi tantin muhimmanci. Kada a kwana a cikin busasshiyar ƙorama, komai laushin yashinta. Ruwan da aka yi a kan dutse nesa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa da tsakar dare. Kada a tare bakin rijiya ko burtali, dabbobi da masu su na da haƙƙi. Idan akwai ƙauye ko ruga kusa, a je a yi sallama da mai gari ko arɗo tun da rana. A sauka kafin magariba, a juya gaban mota ya kalli hanyar fita, a kakkaɓe takalmi da safe.

Girki?

Tukunyar gas ƙarama da abin tare iska. A ɗaure ta a tsaye, nesa da rana. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, taliya, shinkafa, busasshen tumatir da kuɓewa ba sa bukatar firji. Kurfoti na shayi ba a hana kowa, amma ko sanyi zai kashe mutum kada a shiga da garwashi cikin tanti ko mota a rufe. Hayaƙinsa mara wari yana kashewa cikin barci. Janareta ma haka. Shara a dawo da ita gari.

Waɗanne kayan gyara zan riƙe?

Na abin da ke tsayar da mota cak: fambel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, filtar mai da ta iska, fis-fis, boris ɗaya na ƙafa, kusoshin taya, baƙin mai, man birki, man giya, gam na ƙarfe mai haɗi biyu, waya, robar tiyub, wayar haɗa batir. Sifanu su zama waɗanda ka gwada a kan motarka. Akwatin magani kuma ya ƙunshi gishirin ORS, maganin zazzaɓin cizon sauro, bandeji, da maganin da wani a cikinku ke sha kullum, ninki biyu. Saran maciji ba a tsaga shi ba a tsotsa. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Hanya, sadarwa da tsaro fa?

Kayan mota ba sa maganin wannan. Yankunan Ayar da Tenere, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, ba a shiga sai da izinin hukuma da ɗan jagora na gari, hanyar Agadas zuwa Dirku kuwa an saba bin ta cikin ayari da rakiyar soja. Dazuzzuka da yawa a arewa maso yamma da arewa maso gabashin Nijeriya ba wurin kwana ba ne a yanzu, ko da wace mota. Gandun daji irin Yankari da Gashaka-Gumti suna da ofis da ma'aikata. Na Gashaka yana Serti, a fara da su, a ɗauki ma'aikacin da suka bayar. Labarin hanya a nemo shi a tasha wurin direbobin da suka biyo ta a makon nan.

Kada a tafi da mota ɗaya inda babu mutane. Biyu ne mafi ƙaranci. A sauke taswira a waya tun ana da intanet, a riƙe ta takarda da kamfas. Wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya tana ceton rai, amma jami'an tsaro na sa mata ido, har sojoji sun taɓa haramta ta a Borno a 2013, don haka a tambayi doka kafin a ɗauka. A bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da ranar da zai fara nema idan bai ji ɗuriya ba. Kada a yi wa mota fenti mai kama da na soja, kuma takardunta su cika. Idan ta lalace a hamada, a zauna wurinta a inuwar tamfol: mota ake hangowa daga nesa, kuma ruwan yana jikinta.

Wane lokaci ya fi, kuma ta yaya zan gwada shirina?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙasa ta bushe, zafi ya sauka, sai dai ƙurar hunturu da ke toshe filta, a riƙa kakkaɓe ta kowace yamma. Maris zuwa Mayu zafi na gajiyar da inji da taya da mutum. Damina kuwa hanyoyin Gashaka da na fadama suna yankewa.

Gwaji kuma a yi shi kusa da gida. Loda motar yadda za ta tafi, da mutanen da za su tafi, ka sami busasshen rafi mai yashi a bayan gari tare da wata motar, ka rage iska, ka kafe da gangan, ka fita da shebur da faranti. Canza taya da jak ɗin da ka saya, kafa tantin da tocila a hannu, ka bar firji a kunne har safe ka ga ko motar za ta tashi. Washegari ka bi duk kusoshin kariya da na bamba da sifana, don rabinsu sun saki. Abin da ba a taɓa ba a wannan kwanan, ban da kayan gyara da magani da ruwan ajiya, a sauke shi a bar shi a gida.